Buhu Biyu a Kujerar Baba

Kubwa, Abuja
Lahadi

Zuwa ga Yaya Kubra,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Abban Nazeer da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Na so in kira ki, amma na san kuka ba zai bar ni in kai ƙarshe ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Yaya, jiya Asabar ce ranar da na farka daga mafarki, kuma a cikin Landirobar Baba na farka. Kin tuna ranar rabon gado kowa ya yi dariya da na ce ita nake so. Lukman kaɗai bai yi ba. Ya shafa ƙofarta ya ce zai tashe ta da hannunsa, mu shigo Zariya a cikinta mu ɗauki Inna. A lokacin na ce a raina, ga mijin da nake karantawa a littattafai Allah ya ba ni.

Ya kuwa tashe ta. Sai dai tun da ya sa mata sabbin sifirin na baya, da ta ɗauki gudu a babban titi sai ta kama kakkarwa har haƙora su riƙa haɗuwa. Ya yi mini bayani cewa farfela, doguwar sandar nan da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, tana son karkatar bakin giya da ta bakin aksil su zo daidai da juna. In sun saɓa, ko da digiri kaɗan ne, sai rawa. Yakan kwanta a ƙarƙashi ya manna wayarsa a jikin ƙarfen, ta nuna masa yawan karkatar, sai ya soka wani ƙaramin ƙarfe mai kama da harshen gatari tsakanin sifirin da aksil, ya ɗaure, ya sake aunawa.

Ga abin da ya sace zuciyata. Ya ce ba a awon nan sai mota tana tsaye kan tayoyinta, ɗauke da nauyin da za ta riƙa yawo da shi. Don haka yakan ɗora buhun siminti a kujerar direba a madadinsa, ni kuma ya ce in zauna a tawa. Asabar bayan Asabar ina zaune da littafina a cinya, ina jin warin kujerun nan da kika sani, shi yana ƙasa yana kirana gimbiyar farfela. Har tausayin matan cikin littattafan nake ji, don ba a taɓa gyara wa wata mota daidai nauyinta ba.

Jiya na fito da littafina kamar kullum, har na zauna, sai ya ce in sauko, yau ba sai da ni ba. Ina tsaye ya ɗauko buhu na biyu ya ɗora a kan na farko, a kujerar Baba. Tawa ya bar ta fayau. Yaya, shi da bakinsa ya koya mini ma'anar wannan. Wani mai ƙiba ne zai riƙa tuƙa ta, kuma ba ni a ciki.

Ban tambaye shi ba, ƙafafuna ne suka kai ni wajen maƙwabciyarmu Maman Glory. Ta yi mamaki da ban sani ba. Ta ce ai Oga Kingsley, wani mai ba da hayar tsofaffin motoci ga masu biki, ya sha zuwa ganin motar lokacin ina Islamiyya, har sun gama ciniki da Lukman, sun yi musabiha a gabanta.

Ki gaishe da Inna, amma kada ki faɗa mata tukuna.

Ƙanwarki,
Najwa

Kubwa
Laraba

Yaya Kubra,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Na ga kiranki, ki yafe mini.

Na tambaye shi, bai musa ba. Ya ce motar ta fi ƙarfin gidan haya, gara a musanya ta da ƙaramar mota mai sanyi, kuma ya so ya ba ni mamaki ne kamar yadda ake yi a littattafaina. Wannan maganar ta fi cinikin yi mini ciwo. Na tambaye shi yaushe ya yanke shawara, ya ce tun kafin ya sayi sifirin. Ashe duk Asabar ɗin nan ni ma buhu ce, ya ajiye ni a kujera ne don kada in yi tambaya.

Kakkarwar ta daina, an ce tana tafiya lumui. Amma mota tawa ce, gadona ce, kuma takardunta suna hannuna. Na aika wa Oga Kingsley ta bakin Maman Glory cewa ba ta sayarwa ba ce. Na kira Yaya Ilyasu, zai zo daga Masaka ranar Juma'a ya tuƙa ta. Na sa an sauke buhunan.

Ki shaida wa Inna yanzu. Ina tafe Zariya a cikin motar Baba, a kujerata, kuma Lukman ba ya cikin tafiyar.

Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Najwa