Takardar da ke Cikin Hular Hedimasta

Asabar, 3 ga Agusta
Jikalle ta iso. Shekara biyu ban sa ta a ido ba, kuma kwana goma kacal uwarta ta ba mu. Na ɗinka mata riga mai aljihu biyu, ta sa, ta ƙi cirewa.

Litinin, 5 ga Agusta
Mun je wurin shaƙatawa. Wa zan gani a bakin ƙofa? Hedimasta, kakanta na wajen uba, da motarsa da direbansa da sandarsa. Wai shi ma jikarsa ce. Wa ya ce ba tasa ba ce? Amma ai a gidana ta sauka. Duk bishiyar da muka wuce sai ya faɗa mata sunanta, ni kuwa an bar ni da riƙon takalma da gorar ruwa kamar ɗan dako.

Talata, 6 ga Agusta
"Kaka Hedimasta ya ce..." Sau tara yau. Uwargidana ta ce da furfurata nake kishi. E, kishin nake. Sai me?

Alhamis, 8 ga Agusta
Gidan tarihi. Tun daga ƙofa hannunsa ta riƙe. Ya tsaya gaban kowane gilashi yana zuba bayani, ko kallon allon rubutun ba ya yi. Shekara kaza, ƙasa kaza. Can muka iske tsohon keken ɗinki na hannu, irin wanda na koyi sana'a a kai. Na buɗe baki ke nan ya riga ni, wai injin niƙa ne! Na tuntsire da dariya har mai gadi ya waiwayo. Jikalle ba ta yi dariya ba. Kallona ta yi, ta ƙara matse hannunsa.

Juma'a, 9 ga Agusta
Ni ne da gaskiya fa. To me ya hana ni cin abinci?

Asabar, 10 ga Agusta
Wurin shaƙatawa kuma. Tana kan lilo, mu biyu a benci. Ya cire hula yana fifita, wata takarda ta faɗo, na ɗauka. Haruffa manya-manya: ɗaki na ɗaya tukwane, na biyu takubba, gilashin ƙarshe injin niƙa.
Ya ce, "Tela, idon ya tafi. Maƙwabcina na aika ya rubuto min, na haddace. Ashe sun sauya wa kayan wuri."
Na miƙa masa takardarsa, ya ci gaba.
"Kullum in ta kira ni a waya, zancenta Kaka mai keke. Kai kana da abin sa mata a jiki. Ni me gare ni in ba surutu ba?"
Wato ni yake wa kishi. Ni!

Litinin, 12 ga Agusta
Mun koma gidan tarihi, bene na sama, wanda ba ya cikin takardarsa. Na tsaya ta hagunsa ina raɗa masa abin da ke kan allo, shi kuma yana faɗa da muryar nan tasa ta aji. Har ƙari yake yi, tsohon banza. Da za mu fita, Jikalle ta ce wa mai gadi, "Kakana ya san komai." Ban tambaye ta wanne ba.
Gobe za ta tafi.
Bakin hularsa ya warware, na ce ya bar min ita, ya zo jibi ya karɓa. Ba don komai ba, ba na son ganin zare yana reto ne.