Binnen da Baba ya yi a kan maganarka

Zuwa ga ƙanena Ubaidullah,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah ya sa kana lafiya, kai da aikinka a Legas. Mu nan Fagada lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Ka tuna da ka kira Baba wata biyu da suka wuce, ka ce masa na'urarku ta tauraron ɗan'adam ta nuna iska mai ƙarfi a kan teku, irin wadda ke turo mana damina? Kai hira ka yi. Shi kuwa washegari ya kwance irin geronsa ya yi binne, ya zuba shi a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa. Ka san shekara arba'in mutanen garin nan sai sun ga Baba ya fita da iri suke fita. Gida goma sha ɗaya suka bi shi. Yayyafi aka yi sau ɗaya, iri ya tsira, rana ta ƙone shi.

Na karanta masa bayanin da ka turo daga baya, cewa na'urar ba iska take gani ba, yamutsewar fuskar teku take aunawa, kuma idan ana ruwa a can, ɗigon da ke dukan tekun yana yamutsa shi, sai ta ɗauka iska ce. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce ashe ita ma ruwa yana ruɗa ta, sai ya tashi ya tafi masallaci. Ni dai na ce duk karatun nan naka, ruwan da muke nema a tudu shi ya ɓata maka lissafi a teku.

An sake shuka da irin da aka samo a kasuwar Jega. Amma da Malam Yari, wanda ya fi kowa asara, ya tambayi Baba a gaban jama'a wa ya ba shi labarin ruwan, sai ya ce babu kowa, shi ya dubi gabas ya yi kuskure. Sunanka bai fito daga bakinsa ba. A shuka ta biyu ba wanda ya jira shi, kuma abin ya yi mini ciwo.

Inna da Bushira da su Rufa'i suna gaishe ka. Baba ma yana gaishe ka, ya ce ka riƙe aikinka da kyau. Bai san na rubuto maka wannan ba.

Yayarka,
Shafa'atu