Karenmu Ya Fi Ni Sanin Inda Baba Yake Zuwa

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Zancen kare ne, amma bai tsaya kan kare ba.

Bara aka kwantar da Babanmu a asibiti da ciwon zuciya. Likita ya ce ya bar shan taba, ya riƙa tattaki da yamma. Ya rantse mana ya bari. Da yake ba ya son fita shi kaɗai, ƙanena ya kawo masa ɗan kwikwiyo, muka sa masa suna Guguwa. Sunan kuwa ya bi shi. Da ya ga an ɗauko igiya sai ya hau tsalle, ya ture bokiti, ya dafe mutum da ƙafafu. Baba dariya kawai yake yi, ya ɗaura masa su fice.

Makon jiya Baba ya ce gwiwarsa na ciwo, sai na karɓi fitar. Anti, ba ni na fita da kare ba, shi ya fita da ni. Ya yi ta ja na har takalmina ya tsinke. Filin da Baba ke cewa suna zagayawa, ko kallonsa bai yi ba. Ya karya kwana ta bayan shagon mai wanki, bai zame ko'ina ba sai wani ɗan kanti da ake sayar da taba ɗai-ɗai. Ya shige ƙarƙashin bencin da ke ƙofar, ya kwanta luf kamar ba shi ba. Mai kantin ya kira shi da sunansa, ya jefa masa biskit, da ya ɗago ya gan ni sai ya shiga gyara kwalaye.

Tun ranar ban sake samun natsuwa ba. Ina shinshina rigunan Baba, ina lalube aljihunsa, har haƙoransa nake kallo in yana magana. Alewar minti kawai na samu, ita ma na ce ta ɓoye wari ce. Ina jin kunyar kaina, amma tsoro ya fi kunyar. Yaya zan yi karen nan ya daina jan mutum? Kuma in tara 'yan'uwana mu titsiye Baba?

'Yar Fari Mai Zargi

Ƙanwata, mu fara da Guguwa, shi ne mai sauƙi. Ku kuka koya masa cewa tsalle ke buɗe ƙofa. Daga yau in kin ɗauko igiya ya fara rawar kai, ki ajiye ta ki juya masa baya, ba tsawa, ba duka. Sai ya zauna sannan ki ɗaura. A hanya, da zarar igiyar ta miƙe ki tsaya cak. In ya waiwayo ta saki, ki yaba masa, ki ba shi ɗan abin taɓawa, ku ci gaba. Ki fara gwadawa a cikin gida, kuma ki gajiyar da shi da ƙwallo kafin a fita. Kowa ya bi wannan doka, har Baba, don karen da ya tsinka miki takalmi zai iya kayar da dattijo.

Zarginki kuma ba zan ce na banza ne ba, mai kanti kan rufa wa abokin cinikinsa asiri. Sai dai biskit karen ya bi, bai shaida miki taba ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne kwanciyarsa. Kare mai wannan zumuɗi ba ya kwanciya luf sai inda ya saba dogon zama. Ke nan Baba zama yake yi a wurin. Ko taba ce, ko hira, ko kuwa numfashinsa ne ba ya kai shi filin, yana ɓoyewa don kada a mayar da shi gadon asibiti. Wannan ta ƙarshen ba za ki same ta a aljihu ba.

Kada ki tara masa 'ya'ya kamar an kama ɓarawo. In gwiwar ta lafa, ki roƙe shi ya raka ki, ke ki riƙe igiyar, ki bi takunsa, ki saurari numfashinsa. In ya nemi zama, ki zauna kusa da shi ki tambaye shi a hankali. Ko me ya amsa, ku ga likita a makon nan, a duba gwiwa da ƙirji duka. Allah ya ƙara masa lafiya, ke kuma ya kwantar miki da hankali.