Agogo Biyu, Magudana Ɗaya

Lahadi, 3 ga Afrilu

Sun sake tura agogo gaba. Na farka na tarar wayata ta ƙara wa kanta awa guda ba ta nemi izinina ba. Ƙararrawar coci dai tana nan kan lokacin Allah. Daga yau har Oktoba, duk wanda ya ce maka ƙarfe kaza sai ka tambaye shi, na Allah ko na gwamnati? Makaranta da asibiti da motar Oaxaca, na gwamnati. Coci da kasuwa da jana'iza, na Allah. Tun ina sabuwar malama muke wannan hauka, ga shi har na bar koyarwa.

Talata, 5 ga Afrilu



Rabona na ruwa duk Talata ne, daga biyar na asuba zuwa takwas, tun mijina Fidencio yana da rai. Don Apolinar mai rabon ruwa da ƙararrawa yake buɗe mini. Daga ni sai maƙwabcina Melitón, takwas zuwa goma. Ina cikin kora ruwa a tsakiyar barkono sai na ga ya ja baya. Na ɗaga kai, ga Melitón ya zare katako ya juya magudana gonarsa. Ƙararrawa ko gama buga bakwai ba ta yi ba.

"Komadre, takwas ta yi," yana nuna mini waya.

Na ce, "Kompadre, wayar ce ta haƙa magudanar nan ranar gayya?"

Wai shi doka yake bi. Mutumin da ya riƙe mini 'yata Nayeli ranar baftisma, shi ya sa ma muke kiran juna kompadre da komadre! Na fara da lokacin Allah, an katse ni da na gwamnati. Kunyoyin ƙarshen lambu ko ɗigo ba su samu ba, kuma can na dasa irin barkonon mahaifiyata, wanda babu mai shi a kwarin nan sai ni. Bara bai yi haka ba.

Laraba, 6 ga Afrilu

Na kai ƙara. Don Apolinar ya sosa ƙeya, wai dokar ruwa ta ce takwas, ba ta ce takwas ɗin wa ba. Na ce kakanninmu da suka kafa ta ba su san za a zo a haifi takwas biyu ba. Ya ce sai dai taron gari. To, taron gari.

Talata, 12 ga Afrilu

Melitón ya sake. Da bokiti na shayar da kunyoyin ƙarshe, bayana kamar zai ɓalle. Ganye ya fara nannaɗewa.

Asabar, 16 ga Afrilu

Na zazzage akwatin littattafai. Jamusawa suka fara tura agogon nan lokacin yaƙin duniya na farko don tattalin gawayi. Yaƙi ya ƙare, sarkinsu ya gudu, gawayin ya zama toka, amma ni Obdulia ina biyan kuɗin yaƙin da barkonona. Rediyo ya ce can babban birni ma suna ta muhawara a soke ko a bari. Su yi ta yi. Kafin su gama shan kofi lambuna ya ƙone.

Talata, 19 ga Afrilu

Tushe goma sha wani abu sun mutu. Na tuge su na jera a kan katangar Melitón, ya gani idan zai wuce.

Nayeli ta kira daga Puebla, wai Mama ki yi haƙuri, ubana na baftisma ne fa. Na ce ki zo ki faɗa wa barkonon.

Lahadi, 24 ga Afrilu

Bari in rubuta wannan a tsanake, don in riƙa karantawa idan na tsufa.

An yi shela da lasifika cewa taro ƙarfe biyu. Ba a ce biyun wa ba. Ni na lura, na kuma ja bakina na yi shiru. Masu waya, wato malamai da ma'aikaciyar asibiti da samarin shaguna da Melitón, duk suka hallara filin ƙwallon kwando a biyun gwamnati. Shugaban gari kuwa tsoho ne, da ƙararrawa yake cin abinci. Awa guda cur suna gasuwa kan siminti, babu ko inuwar sanda. Mu muka iso a biyun Allah, a ƙoshe, da lemarmu.

Daraktan makaranta ya fara, gumi har cikin kunne. Wai gari ba zai ci gaba ba idan yana bayan ƙasa da awa guda, wai ana tattalin lantarki. Na ce, "Malam, yaran da kake tasa su taho makaranta cikin duhu, da me uwayensu ke dama musu kunu, da hasken taurari?" Doña Casilda mai tortiya, wainar masarar nan tamu, ta ce ita jakinta bai taɓa jin labarin sabon lokaci ba, kuma bai taɓa makara ba. Aka kwashe da dariya.

Sai na miƙe sosai. Na ce, "Ku da kuka zo da wuri, yaya rana?" Aka yi gunaguni. Na ce, "Awa gudan nan da ta dafa muku ƙwaƙwalwa, ita ce barkonona yake sha duk Talata. Ku kun yi sau ɗaya kuna neman ku ci mutum." Na ce ban hana makaranta ta bi gwamnati ba, ta bi ta har rami. Amma ruwa daga dutse yake saukowa, ba daga ofis ba, kuma da ƙararrawa aka kira gayyar da ta haƙa masa hanya.

Melitón ya tashi, hula a hannu. Ya ce motar Oaxaca goman gwamnati take tashi, kuma duk Talata yake kai matarsa Gudelia wankin ƙoda. Idan ya bi ƙararrawa, mota za ta tafi yana tsakiyar ban ruwa. Na san tana zuwa asibiti tun Janairu, ban san ranar ba. Amma na riga na hau, ban sauka ba. Na ce, "Kompadre, da ka ƙwanƙwasa ƙofata ka roƙa, da wata magana ce. Waya ka nuna mini."

Aka ɗaga hannu. Ko ƙirgawa ba a yi ba. Ruwa da taro da gayya, ƙararrawa kaɗai, rani da damina, har abada. Har ma'aikaciyar asibiti ta ɗaga, ina jin rana ce ta sa.

Casilda ta kawo tamale, ƙullin masarar nan da ake turarawa a ganye, na ci huɗu. Fidencio, da ka ga matarka.

Talata, 26 ga Afrilu

Awa uku cif! Ruwa ya kai kunyar ƙarshe har ya kwanta. Na tsaya ina jin ƙasa tana sha. Takwas na bugawa ni da kaina na zare katako na juya wa Melitón, ina kallon idonsa. Ya ce na gode, komadre. Ban so ya ce haka ba.

Alhamis, 28 ga Afrilu

A kasuwa wata daga ƙauyen gaba ta tambaya ko ni ce malamar da ta kayar da agogo. Na ce ni ce. Su ma wai za su kira taro.

Talata, 3 ga Mayu

Barkono ya yi fure, har na mahaifiyata.

Tara na bugawa Melitón ya yar da fartanya ya ruga. Na hango shi yana tallabe da Gudelia wajen hawa mota. Ta rame ƙwarai. Ruwansa na sauran awa guda, babu mai kora shi, ya fasa kunya ya bi hanya, aladun Casilda suna birgima a ciki. Rabin masararsa a bushe. Ba ruwana. Taro ne ya yanke.

Laraba, 4 ga Mayu

Ba ruwana, na ce.

Talata, 10 ga Mayu

Zafi. Barkono lafiya lau.

Melitón ɗin nan bai iya jan kunya ba, duk a karkace, dole ruwa ya gudu. Na tsaya ne kawai in ga yadda zai fasa, fartanyarsa kuma tana yashe a wurin tun da ya ruga mota, sai na ɗauka na kora masa. Ba na son ganin ruwan da na yi yaƙi a kansa a ƙarƙashin aladu, shi ke nan. Goma na bugawa na rufe, na Allah.

Da yamma na tarar da kwandon mangwaro a bakin ƙofa, babu sallama. Ban mayar ba, za su lalace ne.

Fartanyarsa ta yi mini nauyi. Talata mai zuwa in tuna in tafi da tawa.