An Rufe Ɗan Bidaban

Bakin Babban Tafki, Satumba 1738

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ciwon gwiwa, yaya mutan gida? Na san Fada, limamin cocinmu, ne zai karanta miki wannan, to ya bari sai kin zauna.

Inna, Mathurin ya kashe mutum. Ba da gangan ba, wallahi. Ya ga motsi cikin ciyawar shinkafa ya ɗauka barewa ce, ya saki wuta. Sau nawa na ce wa yaron nan ya ga ƙaho kafin ya ɗana! Ashe Giniw ne, ɗa ɗaya tilo na wata tsohuwa, Bidaban, wadda shekara tara nake sayen fatu a ƙofarta.

Mathurin ya gudu sansanin sojojinmu, kwamanda ya sa masa mari a ƙafa. Wai zai tura shi Montreal a rataye, a zatonsa haka zai kwantar wa Ojibwe, ƙabilar mamacin, hankali. Dattawansu suka ce masa, "Kai, Bafaranshe, gawa biyu za mu ci? Wa zai yi wa tsohuwa farauta?" Su a al'adarsu "rufe mamaci" suke yi: a jibga kaya gaban uwarsa, in ta karɓa magana ta mutu. In ta ƙi, 'ya'yan ƙannenta su ɗauki jini.

Ni na ɗauko autanki Mathurin daga hannunki da alkawarin in maido shi da kwalekwalen bazara. Ki sa mu a addu'a.

Ɗanki, Bastien

Oktoba 1738

Inna,

Ina gaishe ki, da fatan sanyi bai taɓa ki ba. Kwalekwalen ƙarshe zai tashi da hantsi, shi ya sa rubutun duk ya karkace.

Na kwashe shagona kaf: barguna, tukwanen ƙarfe, gatura, taba. Na shimfiɗa gaban tsohuwa Bidaban, ko kallo ba ta yi ba. Aka miƙa mata lofen taba na sulhu ta kau da kai. Ta ce, "Bargo ne ya harbe shi? Kawo mini mai hannun."

Sai da na yi kwana biyu ina roƙon kwamanda kafin ya ba ni shi. A hanya na ja masa kunne: ka zauna, ka sunkuyar da kai, bakinka alaikum. Abu ɗaya na manta, don ni ya riga ya zame mini jiki. Ba a kiran sunan mamaci a nan, sai ranar da danginsa suka ɗora wa wani. Ni ma bai kamata in rubuta miki shi ba.

To autanki, da ladabin gidanmu, ya durƙusa yana kuka, ya kira sunan har sau biyu yana neman gafara. Wayyo Allah! Na ga hannun ɗan ƙanenta ya kai kan wuƙa, na ce shi ke nan, yau a gabana za a yanka shi.

Tsohuwa ta daɗe tana kallonsa. Can ta ce da ni, "Wannan sakaran yana da uwa?" Na ce yana da ita. Ta ce a bar mata shi, ni in tafi. Yau kwana huɗu ban sa shi a ido ba, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce, "Sannu, ɗan kasuwa," ya wuce. Tsoro nake ji, Inna, ba zan ɓoye miki ba.

Naki, Bastien

Mayu 1739

Innata,

Gaisuwa da ban girma. Na san yadda kika ci wannan hunturu babu labari, ki yafe mini, ƙanƙara ce ta rufe hanya.

Yana raye. Ran kwana na bakwai matan danginta suka kai shi rafi suka wanke shi tas, suka sa masa rigar fata ta mamacin, tsohuwa ta kira shi da sunan ɗanta a gaban jama'a. Waɗanda suka so yanka shi yanzu ɗan'uwa suke ce masa, suna yi masa tsiyar ya fi iya harbin mutum da barewa. Kwamanda ya yi ta bambami, ya gaji ya bari.

Amma ba zai zo ba. Ɗanta ne, shi ke mata farauta da itace har ranar da za ta mutu, kuma tsohuwar nan garau take. In na sato shi, rufin ya buɗe, babu Bafaranshen da zai kwana lafiya a tafkin nan.

Tsohuwar ta ɗinka miki takalman fata, suna cikin ƙunshin. Ta ce in gaya miki ba ya kwana da yunwa.

Jiya muna loda kwalekwale na hango shi a bakin ruwa, na ɗaga murya na ce, "Mathurin!" Ya ji ni sarai, na ga kafaɗarsa ta motsa. Tana tsaye kusa da shi. Bai waiwayo ba.

Ki gaida kowa. Allah ya ba ki haƙuri, ni ma ya ba ni.

Ɗanki mai kunyar haɗa ido da ke,
Bastien