Uwar Na Yi Wa Faɗa, Ashe Yaron Yana Hannun Kaka

Tanti Jamila, don girman Allah ki taimake ni, ki karanta wannan wasiƙa har ƙarshe ko da ta yi tsawo, don ba ni da wanda zan buɗe wa cikina. Takardar barin aiki tana cikin jakata yau kwana goma sha ɗaya. Na rubuta, na sa hannu, na kasa miƙawa, na kuma kasa yagawa.

Ni malamar jinya ce a wani ƙaramin gidan likita na ƙauye, can gefen Kore Mairuwa. A Dogon Dutsi aka haife ni, nan na yi lakwal, wato makarantar boko, kuma shekarata shida ke nan a wannan wuri. Mu uku ne, da majo, wato shugabanmu, da mai allurar rigakafi, da ni. Ni kaɗai ce mace. Duk ranar Alhamis nake awon yara masu tamowa, mata sukan kai sittin a zazzaune ƙarƙashin itacen bedi, kowace da nata a cinya. Ba zan ɓoye miki ba, ina da baki. Har suna matan suka sa mini, wai Madan Barkono. Da can in na ji sai in yi dariya, in ce ai barkonon ne ke sa su wanke hannu.

Farkon damina wata yarinya ta kawo ɗanta. Zan ce da ita Bushira, shi kuma Zakariya, ko da yake ba sunayensu ba ne. Shekara ɗaya da wata huɗu, amma in kin ɗaga shi kamar kin ɗauki faifai. Na auna damtsensa, awo ya faɗa kan ja, alamar tamowa mai tsanani. Na ba ta abincin nan na ƴan ƙunshi da muke ba masu tamowa, wanda mata ke ce wa biski, na yi mata bayani dalla-dalla: a ba shi yadda yake daga ƙunshin, kada a dama shi da ruwa, a wanke hannu, a ci gaba da ba shi nono. Duk abin da na ce sai ta ce to, kanta a ƙasa. Na tambayi sunan yaron ta yi shiru, sai daga karne, wato katin awonsa, na karanta. Ko kallonsa ba ta yi. A raina na ce, wannan kam ba ta damu da shi ba.

Sati ya zagayo, nauyi bai ƙaru ba. Na biyu haka, ga zawo. A na huɗu sai ya ragu. Kin san akwai masu sayar da biskin nan a kasuwa, mun sha kama su, sai zuciyata ta tafi can. Ranar rana ta buge ni, ban karya ba, layi bai ko rabu ba. Na miƙe tsaye a gaban duk matan nan na ce mata: "Ke dai ba ki son yaron nan. In ya mutu, ke kika kashe shi." Wallahi haka na ce, Tanti, ban rage ko kalma ba. Na rubuta mata takardar zuwa babban asibiti a Dogon Dutsi, na haɗa da abincin sati guda na tura mata kan tebur. Ban tambaye ta da me za ta je ba. Ta goya shi, ta kwashe, ta tafi.

Alhamis ta zo Bushira ba ta zo ba, wata Alhamis ɗin ma ta wuce. Na ce wa kaina ai tana Dutsi. Ban aiki kowa ya dubo ba.

Sai ranar wata Litinin wata tsohuwa ta shigo da sanda, da ƙulli a tsumma. Ta zauna a ƙasa duk da na nuna mata benci, ta kwance ƙullin, ga biski guda tara. Ta ce: "Ga sauran abincinsa, ɗiyata. Bai samu cinyewa ba, a ba wani."

Uwar Bushira ce. A bakinta na ji abin da ya kamata in sani tun ranar farko. Yaron ɗan fari ne, kuma tun kafin damina aka yaye shi aka kai wa kakar, don Bushira ta samu ciki tana goyo, an ce nonon zai cuce shi. Ba a gari ɗaya suke ba. Duk Alhamis yarinyar nan takan fito daga garin mijinta a ƙasa, da ciki, ta biya garin uwarta ta ɗauki yaron, ta kawo mini, ta mayar, ta koma ta kama noma, don mijin ya tafi bida, wato neman kuɗi, can Kwatano tun da gonarsu ta ƙi bara. Tsohuwar kuwa ta ga biskin ya yi kauri, ta ji tsoron kada ya shaƙe shi, sai ta riƙa dama masa kamar kunu, da ruwan tabki, don famfon garinsu ya lalace tun rani. Ta ce ita ba ta ji an ce kada a dama ba. Wataƙila Bushira ta faɗa, wataƙila ta kasa gyara wa uwarta hannu a kan ɗan da ta ba ta riƙo. Dutsi kuma ba su je ba. Ƙorama ta cika, kabu-kabu ba ya ƙetarawa, mai amalanke yana gona.

Abin da ke ci na, Tanti, na san kunyar ɗan fari! Mu Arawa ne. Babata, duk da tana zuwa majami'a tun tana budurwa, har yau ba ta kiran sunan yayanmu, sai ta ce wancan. Da na tsaya minti ɗaya da na gane shirun Bushira. Amma takardar da muke cikawa sunan uwa take tambaya da garin uwa, ni kuma na cika na wuce. Wata guda ina zuba wa yarinya bayanin ba da nono, ita kuwa kunya ta hana ta ce mini an yaye shi.

Tsohuwar ba ta zarge ni ba, har godiya ta yi mini, wannan ya fi mari zafi. Da za ta tafi ta ce Bushira ba ta cin abinci, tana cewa likita ma ta faɗa, ita ta kashe shi. Cikin ya shiga wata bakwai, ko awo ɗaya ba ta yi ba, ta kuma rantse ba za ta sake taka wurinmu ba.

Majo ya ce in bar damuwa, kwana ne ya ƙare. Mijina ya ce in nemi a maida ni aiki cikin gari. Ranar Lahadi ana waƙa a majami'a na buɗe baki sai kuka. Tanti, ni na kashe shi? In ni ce, ki faɗa mini, gobe in miƙa takardar nan in huta, mata su ma su huta da ni.

Taki cikin baƙin ciki,
Wata malamar jinya, yankin Tibiri

*

Ƴata,

Allah ya jiƙan yaron, ya sa mai ceto ne, ya ba uwarsa da kakarsa haƙuri, ke ma ya sanyaya miki zuciya. Kin nemi gaskiya, to ga ta.

Maganar da kika faɗa wa Bushira ba ta da kyau, ba kuma zan shafa mata mai ba. Yunwa da rana da tsawon layi sun sa na gane yadda aka yi ta fito, amma ba su wanke ki ba. Kin kunyata mai ƙaramin ƙarfi a gaban jama'a, kin kuma yi sati biyu ba ki bi sawu ba. Waɗannan naki ne, ki ɗauke su.

Amma ba ke kika kashe shi ba. Sake karanta wasiƙarki. Tun kafin yaron ya iso teburinki damtsensa ya faɗa kan ja. Gonar da ta ƙi ita ta kori uban, rashin uban ya bar mai ciki da fartanya, cikin ya jawo yaye, yayen ya kai shi garin da famfo ya mutu, ƙorama ta tsare hanya, takardarku kuma ba ta da wurin rubuta sunan kaka. Kowane ɗaya ya riƙe hannun ɗan uwansa. Ruwa ba ya tsami banza. Majonku da ya ce kwana ne ya ƙare bai yi ƙarya ba, sai dai Wanda ya yanke kwanan shi ne ya ce a nemi magani. In kika tattara laifin duka kika aza wa kanki kika tafi, famfon yana nan a lalace, takardar tana nan yadda take, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Don haka ki bar takardar nan a jaka tukuna, ki je gaisuwa cikin satin nan. Kada ki sa farar riga, kada ki je ke kaɗai. Ki nemi wata dattijuwa da gidan ke jin nauyinta ta raka ki, ki fara da kakar tun da ita ta buɗe miki ƙofa. In kin samu ganin Bushira, kada ki ambaci sunan yaron, kada ki kawo hujja, kada ki matsa mata sai ta ce ta yafe. A gaban mutane kika ce ita ta kashe shi, to a gaban mutane za ki ce ƙarya kika yi mata, kin ga wahalar da ta sha a kansa. Mai yiwuwa ta juya miki baya. Ki haƙura, ki sake komawa.

Idan kin dawo, ki ƙara tambaya biyu a bakinki ko da babu su a takarda: a ina yaron yake kwana, wa ke ba shi abinci? Ki yi su a keɓe, murya ƙasa. In kaka ce, a kira kaka, ko ki aika mata wadda za ta nuna mata da hannu. Ki roƙi majo a raba ranar awo gida biyu, don mace ɗaya ba ta sauraron sittin. Maganar famfo ki kai ta gaban kwamitin lafiya da mai gari, su kai meri, wato ofishin magajin gari, ki kuma nuna musu yawan yaran da ke zuwa da zawo daga garin. Ba aikinki ba ne ki gyara famfo, amma ke ce kike ganin abin da rashinsa ke yi. Kukan nan kuma kada ki riƙe shi ke ɗaya, ki samu wata babba a majami'arku ki zauna da ita.

Ban ce ki dawwama a ƙauyen ba. In bayan kaka kin ga jikinki ya gaza, ki nemi canji da kanki a sama, babu abin kunya. Amma ba yanzu ba. Nan da wata biyu Bushira za ta durƙusa, da jikin da ya sha noma da yunwa da baƙin ciki. In kin tafi, maza biyu ne za su rage a gidan likitar, kin kuma san ba za ta je musu ba. A ɗaki za ta haihu, bayan ƙorama. Zakariya ya riga ya tafi, ba abin da takardarki za ta yi masa. Ƙaninsa ne ke hanya, kuma ba shi da wata malamar jinya sai ke.

Allah ya sauke ta lafiya, ya sa a hannunki, ya ba ki harshe mai sanyi da ƙarfin komawa aiki ranar Alhamis.

Taki,
Tanti Jamila