Sawun Yatsu Uku a Bangon Gabas

Zuwa ga Malam Isufu, mai kula da wannan fili,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙonka don Allah ka taimake ni da shawara kafin ruwan fari ya sauka. Hadari ya soma leƙowa daga gabas, ni kuwa har yanzu ban san abin da zan yi ba.

Ni tsohuwar malamar lekwal ce, wato makarantar boko, a nan Filinge, na ajiye alli tuntuni. Maigidana, Allah ya jiƙansa, fataucin gero yake yi tsakanin ƙauyukan Kurfai da kasuwar Baleyara, amma duk inda ciniki ya kai shi, da zarar bazara ta tsananta sai ya dawo gida ya yi yaɓe. Bai taɓa yarda wani ya yi masa ba. Yakan jiƙa ƙasa a ƙofar gida, ya zuba mata ƙaiƙayi da kashin jaki, ya bar ta ta ruɓa, har maƙwabta su dinga yi masa tsiya cewa ya buɗe majema a unguwa. Sannan ya hau tsani, ni ina miƙa masa ruwa, yana tsokanata wai hannun alli bai san laka ba.

Tun yana saurayi igiyar rijiya ta cire masa yatsa ɗaya na hannun dama. Saboda haka duk bangon da ya shafa, sawun yatsu uku ne a jikinsa, inda na sauran mutane huɗu ne. Bangon ɗakina na gabas, wanda ruwa ya fi duka, shi ne na ƙarshe da ya yaɓe. Yana saukowa daga tsani ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Bai ga kakar waccan shekara ba.

Bara da lokacin yaɓe ya zo, ɗana Sani ya kawo ƙasa da amalanke zai yi, na hana shi. Na ce ba wanda zai shafe hannun ubansa ina raye. Sai na sayo leda mai kauri na lulluɓe bangon tun daga bisa, na danne ta da duwatsu, na jingina zana a kanta. Ban lura ba, ashe bakin ledar ya toshe indararo, ruwa yana kwana a kan soro. Wata la'asar cikin Agusta, bayan an ɗauke ruwa, jikata Basiratu da nake riƙo ta je ɗauko kwanonta a gindin bangon, sai gefen saman ya ɓalle ya faɗo mata a ƙafa. Ta samu karaya. Yanzu ta warke, amma idan ta gaji tana ɗan ɗingishi, kuma duk sanda na gani sai na kau da kai.

Uwarta Kubura, matar Sani, ba ta gaya mini magana marar daɗi ko ɗaya ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ƙulle kayan yarinyar cikin zane, ta goya ta suka tafi. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Yarinyar nan ita ce abokiyar hirata. Ita ke ce mini tsohuwa mai rowar goro, ita ke ɓoye mini tabarau. Tun ranar gidan ya yi shiru.

Yanzu bangon ya tsage, har hasken safiya yana shigowa ta tsagar. Wani gari mai laushi yana zubowa daga azara a kan shimfiɗata. Sani ya sake jiƙa ƙasa a ƙofar gida, warin nan da na sani yana shigowa har ɗaki. Ya ce ya riga ya binne uba, ba zai iya haƙo uwa daga ƙarƙashin laka ba, kuma Basiratu ba za ta sake kwana a gidan ba sai an gyara. Ni kuma na ce masa so yake ya binne ubansa sau biyu. Tun daga nan a zaure yake tsayawa ya gaishe ni, ya daina cin tuwona.

Malam, ba jahilci ne ya sa ni ba. Na koyar da yaran mutane tsabta da kiyaye haɗari. Amma kowace safiya nakan ɗaga ledar in sa yatsuna cikin sawun nasa, kuma shi ne kaɗai abin da ya rage wanda ya yi daidai da hannunsa. Ko akwai wani magani da ake shafa wa laka ta daina zaizayewa? Ko in ci gaba da kwana a ɗakina in bar wa Allah? Ka gafarce ni da tsawaitawa.

Tsohuwar malama, Filinge

*

Malama,

Allah ya jiƙan maigidanki, ya ƙara wa Basiratu lafiya. Na karanta takardarki da nauyin zuciya, kuma ban ga abin kunya a cikinta ba. Amma zan fara da abin da ba ya jira.

Ki fitar da shimfiɗarki daga ɗakin nan yau, kada ki bari sai gobe. Tsagar da haske ke ratsawa ta wuce aikin yaɓe, kuma garin da ke zubo miki alama ce gara ta ci azara. Soron da ya sha ruwan bara yana iya sauka da ruwan farko. Dogaro ga Allah wajibi ne, amma bai ce mu kwanta ƙarƙashin abin da muka ga yana faɗuwa ba.

Ki cire ledar nan. Laka tana bukatar shan iska, idan aka rufe ta sai damshi ya zauna a ciki, gara ta samu mafaka. Ban san wani magani da ke hana ta zaizayewa ba, kuma idan wani ya ce a shafa siminti a bisa, kada ki yarda, domin yakan rabu da bangon ruwa ya shige ta baya. Ki sa a kira magini mai shekaru ya ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe indararo, a cika gindin bangon da ƙasa yadda ruwa zai gudu nesa da shi. Idan ya ce sai an sauke bangon an sake ɗora shi, ki daure.

Sani ya yi gaskiya, amma ya yi gaggawa. Ya zo da amalanke alhali kamata ya yi ya fara zama ya tambaye ki abin da bangon yake a wurinki. Sai dai ki tuna shi ma ubansa ne ya rasu, kuma ɗiyarsa ce ta karye. Maganar da kika gaya masa ta yi nauyi, ke ce babba, ke za ki fara janye ta. Kubura kuwa shirunta ladabi ne. Ki taka da ƙafarki zuwa gidansu, ki gode mata.

Ga abin da nake so ki yi tunani a kai. Ƙarƙashin sawun da kike taɓawa akwai na shekarar da ta gabace shi, ƙarƙashin wannan ma akwai wani. Kowace bazara maigidanki da kansa yake shafe hannunsa na bara, bai taɓa tsayawa ya yi jimaminsa ba. Ba don a ga yatsunsa yake barin kasuwa ya hau tsani ba. Don kada ruwa ya taɓa ki ne.

Duk da haka ba sai kin rasa komai ba. Kafin a taɓa bangon, a ɗauki hotonsa da hasken safiya, lokacin da sawun ya fi fitowa. Magini ya yanko miki wuri mai kyau kamar faɗin faifai, a girka shi cikin ɗaki inda ruwa ba ya kaiwa. Sauran ƙasar da aka kankare kada a zubar, a dake ta a zuba cikin wadda Sani ya jiƙa, kamar yadda magina suka saba. Ta haka lakar da ubansa ya murza za ta koma jikin bangon.

Ranar aikin kada ki shige ɗaki ki rufe ƙofa. Ki tsaya a gindin tsani ki miƙa wa ɗanki ruwa. Za ki yi kuka, ba laifi. Idan kika ji ya ce hannun alli bai san laka ba, ki bar shi, a wurin ubansa ya ji.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare gidanki, ya dawo miki da mai ɓoye tabarau kafin gero ya fid da kai.

Malam Isufu